Hattara da mai tallan "dinarin Rumawa" a Facebook

'Yan uwa masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, ku buɗe ido. Akwai wani mutum da ke tallan sulallan azurfa na Daular Rum, waɗanda ake kira dinari, a Facebook, wai wani manomi ne a Bulgeriya ya tono su cike da tukunya. Jabu ne. Ni ya riga ya ci kuɗina, ba na so wani ya bi sahuna.

Guda biyu na saya, masu hoton sarki Tarajan, wanda ya mulki Rum daga shekara ta 98 zuwa 117. Da saƙon ya iso na jera su a kan farin ƙyalle, nan take gabana ya faɗi. Kamar an tsaga kara: gutsuren da ke bakin wannan shi ne a bakin wancan, rubutun ma wuri ɗaya ya zame a dukansu. Ai Rumawa ba zubi suke yi wa dinarinsu ba, bugu ne. Maƙeri ya ɗora gutsuren azurfa tsakanin hatimai biyu ya maka guduma, ɗaya bayan ɗaya. Hoton fuska na iya zuwa iri ɗaya, amma baki da tsagewa ba sa taɓa dacewa haka.

Na kai wa wani dattijo mai ƙirar azurfa. Ya ɗora a ma'auni: giram 2.5. Alhali tun da sarkin Rum Nero ya rage nauyin dinari wajen shekara ta 64, giram 3.4 ne ko kusa da haka. Ya juya gefen da farce ya ce, "Ɗana, dubi layin nan. Nan ne bakin mazubi ya haɗu." Ga 'yan ƙananan ramuka a kumatun sarkin, irin na kumfa. Da ya kankare, sai ga dalma da kuza.

Abin da ya fi ɓata mini rai, yanzu har dinarin Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rum Yuliyas Kaisar, yake tallatawa, mai hoton wuƙaƙe biyu, na shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda na gaskensa kuɗinsa ya kai na gida sukutum.

Takardar shaidar da yake haɗowa shi ya buga abarsa, ba ta da wani amfani. Da na nemi ya dawo mini da kuɗina sai ya toshe ni, ya sake wa shafin suna. Amma hotunan ba su canza ba, har yanzu a kan jan karammiski yake ɗaukar su. Duk wanda ya ci karo da shi, ya ce a turo hoton gefen sulen, da kuma hotonsa a kan ma'auni, kafin ya tura ko sisi.