Wane Gaurayen Nikel Ya Dace da Masana'antarka?

Kafin ka nemi farashin bututun gaurayen nikel, wato nikel da aka haɗa da wasu ƙarafa, sai ka san abin da zai bi ta cikin bututun: wane sinadari ne, yaya ƙarfinsa, zafinsa digiri nawa, kuma wane datti ke tafe da shi. Dattin nan, ko da ɗan kaɗan ne, shi ya fi cin ƙarfe.

Asid iri biyu ne a wajen mai zaɓe. Akwai masu ƙara iskar oksijin a jikin ƙarfe, irin asid ɗin naitirik, waɗanda kuromiyam ke tarewa. Akwai kuma irin haidirokulorik, waɗanda sai molibdinam. Gaurayen da ake kira Hastelloy B-3 na ɗauke da molibdinam kusan kashi 28 cikin 100, kuromiyam kuwa ɗan ƙalilan, shi ya sa ba ya da na biyu a haidirokulorik tsantsa. Amma da zarar narkakken baƙin ƙarfe ko tagulla ya shiga ruwan, ko da daga wani tsohon famfo ne da ke can baya, B-3 zai zaizaye cikin hanzari. Idan ba ka da tabbacin tsabtar ruwanka, C-276 ya fi aminci: kuromiyam da molibdinam kowanne kusan kashi 16, ga tangistin kusan kashi 4. Yana jure jiƙaƙƙiyar iskar kulorin da gaurayen asid. Inda naitirik ya rinjaya, C-22 ya fi shi, domin kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 22.

A ruwan teku, Inconel 625 ya fi kwanciyar hankali. Monel 400, mai nikel aƙalla kashi 63 da tagulla kusan kashi 30, yana da kyau muddin ruwan na gudu. In ya tsaya cik sai ƙananan ramuka su fara fitowa. A asid ɗin haidirofulorik kuwa Monel ne gwani.

Ga salfiyurik da fosforik masu matsakaicin zafi, Incoloy 825 ya wadatar, kuma ya fi araha saboda nikel ɗinsa kashi 38 zuwa 46 ne kawai. Ga soda mai ci, Nickel 200 ya isa, sai dai in zafi ya haura digiri 315 na Salsiyas a koma 201, mai ƙarancin kabon, don kada ya yi gautsi.

Yawancin ɓarna a wajen walda take farawa. Kowane gauraye da wayar waldarsa: ERNiCrMo-4 ta C-276 ce, ERNiCrMo-3 ta 625, ERNiCu-7 ta Monel. A goge maiko da fenti da alamar alli tas kafin a kunna wuta, domin farar wutar da ke cikinsu na tsattsage ɗinkin. Burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya kusanci aikin.

Yi oda da lambar UNS, wato lambar da ke bambance kowane gauraye, misali N10276 ta C-276, ka nemi takardar shaidar gwajin kaya daga kamfanin da ya ƙera su, wato EN 10204 3.1, ka kuma sa a gwada kayan da na'urar XRF, mai nuna sinadaran da ke cikin ƙarfe, ranar da suka iso. In akwai iskar H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a rijiyar mai ko gas, kayan su cika sharuɗɗan ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 15156.