iDRAC ko DSU: Da Wanne Za a Sabunta Manhajar Tushen Sabar Dell?

Masu kula da sabar PowerEdge, wato manyan kwamfutocin Dell, sun yawaita tambayata wannan.

iDRAC, wato ƙaramar na'urar da ke cikin sabar don sarrafa ta daga nesa, ba ruwansa da tsarin aiki irin Linux ko Windows. Ko sabar na kashe, muddin tana jone da wuta, za ka loda sabon BIOS (manhajar tushe da ke tayar da sabar) ya jira kunnawa ta gaba. In ya kawo matsala, Lifecycle Controller, ɓangaren iDRAC mai kula da sabuntawa, na ajiye da tsohon, sai ka koma kansa. Amma a kula, CPLD (wani guntu a allon sabar mai tasa manhajar) ba ya komawa ta wannan hanyar, shi ya sa nake jinkirta taɓa shi. Ganin allo daga nesa kuma sai da lasisin iDRAC na Enterprise ko sama da shi.

DSU (Dell System Update), manhajar Dell ta sabuntawa da ake rubuta wa umarni, kyauta ne, da umarni ɗaya yake zaƙulo duk abin da ya tsufa, sai dai in a kan sabar za ka gudanar da shi, dole tsarin aikin ya kasance lafiya.

Mai sabar da ke nesa, iDRAC ya fi masa kwanciyar hankali. Mai sabobi da yawa da ya saba da rubuta umarni, DSU zai rage masa wahala.