Aiki da ka ko aiki da tsari a rubuce: amsa ga ɗan'uwanmu ɗan kwangila

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya kawo tambaya a zauren nan cewa an ba shi kwangilar gina shaguna shida a unguwar Mabera da ke Sakkwato, zai yi aiki da mutum kusan goma sha biyar, kuma yana son ya san ko zama a tsara aikin a rubuce yana da wata fa'ida ta gaske, ko kuwa ya ci gaba yadda ya saba, lissafi a ka, umarni da baki. Malam, na yi aiki ta hanyoyin biyu, don haka zan ajiye maka su kusa da juna ka gani.

Babban bambancinsu yana wajen lokaci. Mai aiki da ka yana sanin abin da za a yi yau, wataƙila da na gobe, amma da wuya ya hango aikin da sauran ayyuka ke jira. Na taɓa tsayawa a kan wani gini a Arkilla inda muka kira magina da leburori ranar zuba dekin, siminti yana ƙasa, tifar tsakuwa ta sauke, sai muka tarar kafinta bai gama kafa katako ba, mai rodi kuma ba zai ɗaura ƙarfe ba sai an gama katakon. Mutum goma suka wuni a gindin dogon yaro, da yamma na biya su kuɗin yini ba su ɗaga ko kwano ɗaya ba. Babu wanda ya yi ha'inci a cikinsu. Ni ne ban jera ayyukan bisa yadda suke bin juna ba.

Mai tsari a rubuce kuwa yana fara lissafa ayyukan ne tun daga fandisho, jera bulo, linta, dekin, wayarin, har filasta da fenti, ya sa wa kowanne kwanakinsa da sunan wanda zai yi shi, sannan ya ja layi tsakanin waɗanda dole ɗaya ya ƙare kafin ɗaya ya fara. Jadawalin da ake zanawa don wannan yana ɗauke da sunan injiniya Ba'amurke Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi wajen 1910 zuwa 1915, a ƙarshen shekarun 1950 kuma kamfanin DuPont ya yi amfani da dabarar gano jerin ayyukan da jinkirin ɗayansu ke jinkirta aikin baki ɗaya. A gininka, kankare yana cikin wannan jeri, domin yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato, da kan haura digiri 40, sai an dage da ban ruwa don kada ya tsage. Wanda ya rubuta wannan tun farko zai san ranar da ya kamata ya zuba dekin idan yana son rufe gini kafin ruwan Yuni, kuma zai tura masu yin ƙofofi da tagogi su yi nasu a kwanakin jiran.

Wajen kuɗi, aiki da ka yakan sa kafin alƙalami ya shiga aljihu ɗaya da cefanen gida, sai an kai linta a ga kuɗin sun ƙare ba a san ta ina suka bi ba. A tsari, ana raba kuɗin bisa matakan aiki, a ware wani kaso don tashin farashin siminti da rodi, mai gini kuma ya biya a ƙarshen kowane mataki bayan ya gani da idonsa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙari. Mai gini zai zo ya ce a ƙara masa baranda, a faɗaɗa shago ɗaya, kai kuma kunya ta hana ka cewa kuɗi da kwanaki za su ƙaru. Na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan irin wannan. Idan akwai takarda, ana rubuta ƙarin da farashinsa, kowa ya sa hannu, kuma wannan ba rashin yarda ba ne, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi.

Ga ma'aikata, amfanin a fili yake: kowa ya san nasa, kuma zaman minti goma sha biyar kowace safiya ya isa a ji abin da ya tsaya da dalilinsa.

Aiki da ka yana da inda ya fi. Idan katanga ce za ku ja da mutum uku cikin mako guda, rubutun ɓata lokaci ne. Tsarin ma yana da nasa nauyin, domin jadawalin da aka rubuta aka jefa a mota ba a sake dubawa ba ya fi rashinsa haɗari, tunda zai sa ka yi wa mai gini alkawari da kwanakin da suka riga suka sauya.

Amma shaguna shida da mutum goma sha biyar sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, don haka shawarata ka rubuta. Ba sai ka fara da kwamfuta ko manhaja ba. Ka sami babban littafi da allo a wurin aikin, ka zauna da shugaban magina da kafinta da mai rodi su faɗa maka kwanakin da kowane aiki zai ci, domin sun fi ka sani, sannan ka riƙa gyara jadawalin kowace Alhamis kafin a biya kuɗin mako. Allah ya sa a gama lafiya.