Cincin ko turaren wuta: wanne ya fi dacewa da kyautar Sallah in kuɗi kaɗan ne?

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta yi tambaya. Ta ce Sallah ƙarama ta matso, abin hannunta bai taka kara ya karya ba, ga uwar miji, ga ƙannen miji, ga maƙwabta da yaran unguwa. Tana so ta haɗa wani abu da hannunta, amma ta rasa wanda za ta kama tsakanin cincin da turaren wuta.

'Yar'uwa, kafin ki dubi kuɗin, fara duba hannun da kyautar za ta shiga, don waɗannan biyun ba mutum ɗaya suke yi wa ba.

Cincin abin yawa ne. Kwano 1 na fulawa, da sukari, da bota, da ƙwai, da ɗan bakin hoda da gyaɗar ƙamshi, zai ba ki abin da za ki ƙulla wa gidaje da dama. Inda kuɗin yake tafiya shi ne man suya da gas ko gawayi, ba fulawar ba, kuma nan ne mata da yawa suke kuskuren lissafi. In kina Kano, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayo fulawa da sukari a Kasuwar Singa ku raba, ya fi awon kanti sauƙi. Wahalarsa kuwa a jiki take: murji, yanka, tsayuwa a gaban kasko, kuma duk a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ake son dare ya tafi a ibada. Shi ya sa nake ganin gara ki yi shi da wuri. In ya soyu ya bushe sosai, kika bar shi ya huce kafin ki rufe a roba mai murfi, zai yi makonni bai yi komai ba. Wanda aka rufe da ɗumi shi ne yake yin laushi.

Amma ga inda cincin yake da rauni. Ranar Sallah kusan kowane gida akwai shi. Uwar mijinki za ta iya samun cincin daga wuri biyar, naki ya shige cikin sauran, jikoki su cinye kafin la'asar, ba ta ma san wanne ne naki ba. In kuma tana da ciwon suga, kin kai mata abin da ba za ta taɓa ba.

Turaren wuta akasin haka yake. Kaɗan ɗinsa ma kyauta ce mai daraja. Ƙaramar kwalba ɗaya, in ya haɗu, za ta kai mace wata da watanni, kuma duk ranar da ta zuba a kasko ɗakin ya ɗauka sai ta tuna wadda ta ba ta. Ni a wurina wannan shi ne abin da ake nema a kyautar surukai. Sai dai kayansa ba su da arha a farko. Za ki nemi itace, ko hawi ko gabgab ko ɗorot ko sandal, ga madarar turare, wato turare zalla da ba a sirka ba, ga miski, ga farce, wato murfin dodon-koɗin teku mai kama da farcen hannu, in kina son ƙamshin ya kama kaya. Farcen nan sai an wanke shi sosai an gyara, in ba haka ba ƙarninsa zai ɓata miki aikin gaba ɗaya. Ana dafa sukari da ɗan ruwa har ya yi danƙo, a zuba itacen a juya ya kama, a sauke. Don Allah kada ki zuba turaren ruwa tukunya tana kan wuta, yana kamawa da wuta nan take. Sai ya huce ki zuba, ki rufe a kwalba. Kuma yana son lokaci ya tsumu. Wanda aka haɗa ana jajibiri ba zai yi ƙamshin wanda ya kwana biyu a rufe ba.

Ba banza ba aka san matan Maiduguri da wannan sana'a, Kanuri da Shuwa, a gida suka tashi suka gani. Hannu yake so. In ba ki taɓa yi ba, ban ba ki shawarar ki koya da kuɗin Sallarki ba, don madarar turare in ta ɓaci ba a gyara ta, alhali cincin ko ya ɗan yi duhu yara za su ci. Ki kuma tambaya ko akwai mai asma ko jariri a gidan da za ki kai, hayaƙi ba ya yi musu.

To, daidai ruwa daidai tsaki. In kin iya turare, ki haɗa kaɗan mai kyau, kwalba 2 ko 3, na uwar miji da wata babba da kike jin nauyinta, sauran kuɗin ki yi cincin na maƙwabta da yaran da za su shigo yawon Sallah. In ba ki iya ba, ki bar shi sai wata shekarar. A cikin fulawar nan taki ki ware wani kaso ki yi dubulan, ki tsoma shi a dafaffen sukari da aka ɗiga wa lemun tsami don kada ya daskare, ki jera a kwano mai murfi ki kai wa uwar mijinki da kanki. Dubulan ba ya daɗewa kamar cincin, don haka shi ki bari sai ana gobe ko jibi Sallah.