Teburi na uku ko jerin lambobi a gurbi ɗaya? Amsa ga ɗan'uwanmu na Marwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya yadda za ka ajiye, a rumbun bayanan manhajar makarantarku, wane ɗalibi ke ɗaukar wane darasi, alhali ɗalibi ɗaya yana da darussa da yawa, darasi ɗaya kuma yana da ɗalibai da yawa. Ka yi teburi na uku. Ɗaliban makarantar taku teburinsu daban, darussa nasu daban, sai ƙaramin teburi a tsakani wanda kowane layinsa ke cewa ɗalibi wane yana ɗaukar darasi kaza. Ɗaya hanyar da ka kawo, ta jera lambobin darussa da waƙafi a gurbi guda cikin teburin ɗalibi, irin su "3,12,7", ka ajiye ta gefe.

Abin da nake faɗa maka a hannuna yake. Gwaggona uwar adashi ce a nan Garwa, matan kasuwa da na unguwa duk wajenta suke zubi. Na rubuta mata 'yar manhaja ta Android da Room (kayan aikin Android na adana bayanai a rumbun SQLite da ke cikin waya), tana aiki a kan ƙaramar Tecno ko da babu intanet sam. Mace ɗaya tana iya shiga adashin mako na sefa 2,000, ta kuma shiga na wata na sefa 10,000, kowane adashi kuma da matansa masu yawa. Ka ga matsalarka ce sak, suna kawai ya canza. Abin da ya sa na ƙara son teburin tsakiya shi ne tambayar da gwaggo ta jefo min tun kafin in gama: "To wadda ta shiga hannu biyu fa, a ina za ka rubuta ta?" Hannu biyu ba sifar matar ba ce, domin a ɗaya adashin hannu ɗaya ta shiga. Ba kuma sifar adashin ba ce, domin sauran mata hannu ɗaɗɗaya ne. Bayani ne na shigarta wannan adashin kaɗai. Haka ranar da ta shiga, haka layinta na kwasa. Duk waɗannan a teburin tsakiya suka sami wurin zama, ban taɓa sauran teburan biyu ba.

Akwai ranar da wata mai sayar da busasshen kifi ta zo da zafinta, wai an tsallake ta a kwasa. Gwaggo ta goge hannunta a zani, ta danna sunan matar, adashinta biyu suka fito, kowanne da ranar shigarsa da layinsa. Ashe ta haɗa layin na mako ne da na wata. Suka rabu da dariya, ta ma ajiye zubin ranar kafin ta tafi. Da jerin lambobi na yi amfani, da babu inda zan rataya waɗannan ranakun.

Kai ma haka za ta same ka. Yau kana ganin sanin wane ɗalibi ke wane darasi kawai kake so. Nan da ɗan lokaci shugaban makaranta zai ce yana son sanin wanda ya biya kuɗin lissafi bai biya na Faransanci ba, ko makin kowa a kowane darasi. Makin Larabci na yaro ɗaya ba zai zauna a teburin ɗalibi ba, ba zai zauna a na darasi ba.

Ita hanyar waƙafi, in za a yi mata adalci, tana da saurin rubutawa, kuma ba laifi ga abin da za ka nuna kawai ba za ka taɓa bincike a kansa ba. Iyakarta ke nan. Ranar da ka nemi duk masu ɗaukar darasi na 12, dole ka koma ga LIKE '%12%', wato neman duk inda "12" ya fito a cikin rubutu, shi kuma zai kwaso maka na 112 da na 120, ya kuma bi teburin layi-layi don fihirisa, wato jerin da ke hanzarta bincike a teburi, ba ta taimakon irin wannan nema. Ka goge darasi, lambarsa ta ci gaba da zama a jerin yara ba mai sani. Wani zai ce ka mayar da jerin zuwa tsarin rubutu na JSON, ai SQLite yana da json_each mai warware irin wannan jeri. Yana da shi, amma sai daga siga ta 3.38 ta shekarar 2022 ya zama a ciki kai tsaye, ita kuma Android kowace waya da SQLite ɗin da ta zo da shi take aiki. Dubi irin wayoyin da ke hannun malamai a Marwa ko Kusiri, ka san da yawa sun girmi wannan siga.

Ga yadda za ka gina na ukun. Gurbi biyu ne ginshiƙinsa, lambar ɗalibi da lambar darasi, ka haɗa su biyun su zama babban mabuɗi, ta yadda ba za a iya sa yaro ɗaya sau biyu a darasi ɗaya ba. Ka ƙara fihirisa a kan gurbi na biyu. Haɗaɗɗen mabuɗin yana saurin nemo darussan ɗalibi, amma in ka juyo daga darasi kana neman ɗalibansa sai da fihirisar, Room ma zai yi maka gargaɗi a kai lokacin haɗa manhaja. Tun siga ta 2.2 ta 2019 Room yana da Junction, mai haɗa tebura biyu ta teburin tsakiya, ka sa shi cikin @Relation, ka ɗora @Transaction a kan tambayar. Amma ka sani, Junction darussan kawai zai kawo maka, ba zai ɗauko maki ko kuɗin da ke teburin tsakiya ba. Wannan sai ka rubuta JOIN, umarnin haɗa tebura, da hannunka, layi huɗu ne ko biyar, kada ya ba ka tsoro.

Abu biyu ke cin mutane a nan. SQLite ba ya kula da mabuɗan waje, wato guraben da ke nuni zuwa layin wani teburi, sai an kunna masa da PRAGMA foreign_keys = ON. Room yana kunnawa da kansa, amma in da Flutter kake gina manhajar, kana amfani da sqflite a madadin Room, kai ne za ka sa shi a onConfigure, in ba haka ba dokokin da ka rubuta ado ne kawai. Na biyun ya fi muni. In ka sa CASCADE, wato dokar da ke goge rajistar ɗalibi in an goge shi, sannan kana gyara sunan ɗalibi ta hanyar REPLACE, to SQLite goge layin yake yi ya sake sakawa, gogewar nan kuma ta tafi da duk rajistar yaron a teburin tsakiya, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Yi amfani da @Update, ko @Upsert da ya zo a Room 2.5. Ni a manhajar gwaggo ban yarda a goge kowa ba ma, tunda maganar kuɗin mutane ce. Wadda ta fita sai a yi mata alama ta fita, tarihinta ya zauna.

In kuma kana da niyyar wata rana wayoyi biyu su riƙa tura bayanai sabar guda, wato babbar kwamfutar da ke tara su, nan ne bambancin ke fitowa fili. Malami ɗaya ya ƙara wa yaro darasi a wayarsa ba netwok, wani ma ya ƙara masa wani a tasa. Da jerin waƙafi, wanda ya tura daga baya zai danne na farko. Da teburi na uku layuka biyu ne daban, duk su shiga lafiya. Sai dai ka ba ɗalibai da darussa lambar UUID, doguwar lamba da ba a samun biyu iri ɗaya, maimakon mai ƙirga kanta, don kada wayoyin biyu su ba mutum biyu lamba ɗaya.

Ba ka tambaya ba, amma tunda na ga ana ta tallar "manhajar makaranta a shirye" a WhatsApp da Facebook, ka yi hattara. Wasu kyauta suka kwaso ta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, suka canza launi da suna, su ce ka tura kuɗi ta waya tukuna. Wasu APK, fayil ɗin da ake sakawa a waya, kawai za su miƙo maka, ba rubutun manhajar, ranar da kake son gyara kuma lambar ta daina shiga. Wani abokin aikinmu ya kawo min irinta in duba, na buɗe na tarar da sunayen darussa an cusa su da waƙafi a gurbi ɗaya, wani wurin ma an rubuta darasi ɗaya da haruffa iri biyu. Kafin ka biya ko sisi, ka ce a nuna maka teburan. Ka sa ɗalibi ɗaya a darasi biyu a gaban mai sayarwar, ka goge darasi ɗaya, ka ga abin da zai faru. Wanda ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

In ka riga ka fara da jerin waƙafi kuma akwai bayanai a wayoyin mutane, kada ka taɓa fallbackToDestructiveMigration, share komai yake yi. Rubuta Migration, wato umarnin sauya tsarin tebura ba tare da rasa bayanai ba, da zai ƙirƙiri sabon teburin, ya bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana warware jerin zuwa layuka, ka gwada shi a kan kwafin bayanan gaske kafin ka fitar da shi ga mutane. Turo min teburanka yadda suke yanzu, in sha Allahu zan duba maka bayan isha'i.