Pad thai ko miyar kori: wanne ya fi wa ɗalibi a gidan abincin 'yan Tailan?

Wani ɗan'uwanmu da ya fara karatu a Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor a Amurka ya yi tambaya. Akwai ƙaramin gidan abincin 'yan Tailan kusa da makaranta, mai sauƙin kuɗi, abokan karatunsa kullum can suke. Ya duba takardar abincinsu ya ga abu biyu aka fi saye, pad thai da kori. Yana so ya san wanne ya fi ƙosarwa a kan dala 15, wanne ya fi kusa da bakinmu, kuma wanne ne ba zai kai shi ga naman alade ba.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka fara riƙe abu ɗaya, domin sauran bayanin duk daga nan ya fito. Pad thai sai ka yi oda ake soya maka naka, faranti ɗaya a kasko ɗaya. Miyar kori kuwa a galibin irin waɗannan ƙananan gidaje an riga an haɗa ta a babbar tukunya, idan ka yi oda sai a ɗebi ludayi biyu ko uku a zuba a ƙaramar tukunya, a saka nama da ganye a tafasa. Saboda haka a pad thai kana da ta cewa kusan a kan komai, a kori kuwa abin da ya shiga tukunya ya shiga.

Pad thai taliyar shinkafa ce siririya mai ɗan faɗi. Ba a dafa ta kamar taliyar da muka sani, jiƙa ta ake yi a ruwa har ta yi laushi ta lanƙwasa, sai a ƙarasa ta a kasko mai zurfi a kan wuta mai ƙarfi sosai. Ana fara soya tafarnuwa ko ƙananan jajayen albasa da awara da abin da ka zaɓa na nama, a zuba taliyar, a kwarara mata ruwan haɗi, a ture ta gefe a fasa ƙwai, a gauraya, a ƙarshe a watsa tsiron wake da ganye mai kama da lawashi. Duka aikin 'yan mintuna ne. Ruwan haɗin nan abu uku ne: tsamiya, sukarin giginya ko na kwakwa na ƙasarsu mai kama da mazarƙwaila, da nam pla, wato ruwan kifi mai gishiri da ake tsima shi watanni a cikin tulu. A gefen farantin za ka ga dakakkiyar gyaɗa da yankan lemun tsami. Ka ga ke nan tsamiya, gyaɗa, awara, ƙwai, duk 'yan gida ne. Abin da zai ba ka mamaki shi ne zaƙi, domin mu ba mu saba jin sukari a cikin taliya ba. Ka matse lemun tsamin gaba ɗaya a kai kafin ka kai loma ta farko, shi ne yake karya zaƙin.

Da ido ma za ka gane mai kyau. Kalarsa ruwan ƙasa ce mai haske, irin ta jiƙaƙƙiyar tsamiya, kowane silin taliya a ware yake yana sheƙi, kuma akwai ɗan ƙamshin ƙauri na kasko. Idan aka kawo maka shi jawur kamar jalof, to an rage tsamiya an cike da tumatirin kwalba mai zaƙi, abin da wasu gidaje ke yi don su dace da bakin Amurkawa. Idan kuma ya zo a dunƙule kamar tuwo, ɗayan biyu ne: ko taliyar ta wuce lokaci a ruwa, ko an cusa odar mutum uku a kasko ɗaya saboda cunkoso, zafin kaskon ya faɗi, taliyar ta turaru maimakon ta soyu. Wannan ya fi faruwa daga sha biyun rana zuwa ƙarfe ɗaya, lokacin da ɗalibai suka fito aji gaba ɗaya.

Kori kuwa kada sunan ya ruɗe ka. Ba garin korin nan ba ne ruwan ɗorawa da ake barbaɗawa a miya. Su suna kiransa kaeng, kuma tushensa kayan miya ne da ake kirɓawa a turmi har su zama kamar kwaɓi: barkono, tafarnuwa, albasa, wata 'yar'uwar citta da ake kira galangal, ciyawa mai ƙamshin lemo, ɓawon wani lemun tsami mai ƙuraje, saiwar koriyanda, da kapi, wato ƙananan jatan lande da aka tsima da gishiri. Kapi ita ce daddawarsu. Warinta ɗanya yana da ƙarfi, amma a miya ɗanɗano take bayarwa, kamar yadda tamu take yi a miyar kuka. Ana soya kwaɓin a kaurin madarar kwakwa har mai ya taso sama, sannan a ƙara sauran madarar.

Iri huɗu za ka fi gani a takarda. Koren kori da ɗanyen koren barkono ake yinsa, kuma duk da kalarsa mai sanyi a ido, yawanci shi ya fi zafi. A ciki za ka tarar da ƙananan gauta masu zane, kamar yalon da ake sayarwa a tire, da ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya. Jan kori da busasshen jan barkono ne. Panang ya fi kauri da zaƙi, ruwansa kaɗan. Na huɗun, massaman, shi nake so ka fi lura da shi. Sunan yana da alaƙa da tsohuwar kalmar musulman, domin kayan ƙamshinsa ta hannun fataken Musulmi suka shiga girkin ƙasar: kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi da sauransu. Ana dafa shi da dankalin turawa, albasa, gyaɗa da ɗan tsamiya, a al'ada da kaza ko naman sa, kuma yajinsa kaɗan ne. Duk wanda ya tashi da miyar gyaɗa ko miyar taushe, cokalin farko zai ji kamar ya san wannan miyar. A kan tambayarka ta kusanci da bakinmu, massaman ya fi pad thai nesa ba kusa ba.

Inda kori ke lalacewa shi ne tsinkewa. Madarar kwakwa tana da tsada, wasu gidaje sai su ƙara ruwa ko romo don ta yi auki. Miya mai kyau tana kama bayan cokali, kuma za ka ga ɗigon mai ja ko kore yana yawo a samanta. Wannan man ba kuskure ba ne, alama ce an soya kwaɓin yadda ya kamata.

Sai batun halal, inda bambancin nan na farko ya fi yin aiki. Shi pad thai a asalinsa babu alade a ciki sai ka ce a saka. Ka zaɓi awara ko jatan lande ko duka biyun, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai dabbobin ruwa halal ne, don haka nam pla da kapi ba matsala ba ne. Abin lura shi ne kaskon, domin a cikinsa aka soya wa na gabanka alade. Masu girkin sukan ɗauraye shi da ruwa da buroshi tsakanin oda da oda, amma ka roƙa da bakinka a wanke maka. Idan ka je wajen ƙarfe biyu, bayan cunkoso ya ragu, roƙon ya fi samun karɓuwa. A kori tambaya ɗaya ce za ka yi: da wane romo aka haɗa miyar? Wasu madarar kwakwa da ruwa kawai suke sawa, wasu romon kaza. Idan an riga an zuba, ba mai iya cire maka. Kada kuma sunan massaman ya sa ka ɗauka an yanka naman yadda muke yankawa. Naman daga dillalan da ke kai wa kowane gidan abinci yake zuwa, sai idan gidan ya rubuta halal ƙarara. Hukuncin cin kaza da saniyar kasuwar Amurka malamai sun yi saɓani a kai, ka tambayi limamin masallacin da kake zuwa. Kafin nan, awara da jatan lande sun raba gardama, kuma ana iya saka su a kowane irin kori.

Haɗarin alade ya fi yawa a ƙananan abubuwan da ake kawowa kafin abinci. Waɗannan 'yan ƙullin fulawa da ake turarawa ko a jefa a romo galibi niƙaƙƙen alade ne a ciki, ko da an haɗa da jatan lande. Romon taliya sau da yawa na ƙashin alade ne. Soyayyiyar shinkafa wani lokaci ana yanka mata tsiran alade irin na Sin. Ka haddace kalmomi shida da za ka gani a takarda: moo alade, gai kaza, nuea naman sa, goong jatan lande, pla kifi, tao hoo awara. Akwai kuma taliyar da ake kira pad kee mao, da Ingilishi drunken noodles, wato taliyar mashaya. Sunan ne kawai, ba a zuba mata giya a girkinta na asali, yaji ne da ita sosai.

Game da yaji, gidaje da yawa suna tambayar ka yawan zafin da kake so daga 1 zuwa 5. Ƙaramin barkononsu yana da zafi, amma bai kai attaruhu ba. Wanda ya saba da attaruhu zai iya farawa da 3. A pad thai lambar tana aiki daidai, domin garin barkono ake barbaɗawa, kana iya cewa kada a sa ko kaɗan, sannan ka ƙara da kanka daga 'yan kwalaben da ke kan tebur. Kwalaben nan huɗu ne a al'ada: garin barkono, sukari, barkono a ruwan kal, da barkono a nam pla. A koren kori kuwa ko ka ce 1 za ka ji zafi, tunda barkonon yana cikin kwaɓin. Idan ya yi maka yawa, ruwa ba ya kashe shi, ka ƙara farar shinkafa ko ka sha abu mai madara.

Yanzu lissafin dala 15. Kuɗin da ke rubuce a takarda ba shi ne za ka biya ba. A jihar Michigan akwai harajin kashi 6 cikin ɗari a kan abincin gidan abinci, kuma idan ka zauna aka kawo maka, ana sa ran tukuicin kashi 15 zuwa 20, domin da shi masu kawo abincin suke cike albashinsu. Idan farantin dala 12 ne, haraji santi 72, tukuicin kashi 18 dala 2 da santi 16, jimla dala 14 da santi 88. Ke nan kada ka wuce farantin dala 12, kuma ka sha ruwan da suke kawowa kyauta. Ka nemi shafin da aka rubuta lunch special, rangwamen abincin rana ne a ranakun aiki, yawanci daga sha ɗaya zuwa wajen ƙarfe uku. Jatan lande ana ƙara masa kuɗi a kan farashin kaza ko awara. Da dare kuma ka tambaya ko shinkafa tana cikin kuɗin kori, domin wasu gidaje daban suke lissafa ta.

A wajen ƙosarwa, kori ne ke kan gaba. Pad thai cin zama ɗaya ne, kuma a wurin ya kamata a ci shi. Idan aka rufe shi a kwali tururinsa yana ci gaba da dafa taliyar, kafin ka tako zuwa ɗaki a sanyin watan Janairu na Michigan ya riga ya manne. Idan ya kwana a firji taliyar shinkafa tana ƙandarewa ta riƙa kakkaryewa. Kori kuwa ɗumamensa ya fi na ranar farko daɗi, kayan ƙamshin sun gama ratsa dankalin. Robar kori ɗaya ta abincin dare tana yi wa mutum ci biyu idan ya dafa shinkafarsa a ɗaki, kofi ɗaya na ɗanyar shinkafa ya isa. Don haka idan za ka zauna da abokai tsakanin aji da aji, ka ci pad thai da awara ko jatan lande. Idan kuɗin sati kake lissafi, ka sayi massaman ka tafi da shi.

Wajen ajiya, ka raba shinkafa da miya, kowacce robarta, ka sa su a firji kafin awa biyu ta cika. Dafaffiyar shinkafa da ta daɗe a waje tana haifar da ƙwayar cuta mai sa amai da gudawa, kuma ɗumamawa ba ta kashe dafin da ta riga ta saki. Ka cinye cikin kwana uku zuwa huɗu. Idan za ka ɗumama korin, ka ƙara masa cokali biyu na ruwa, ka sa wuta kaɗan kana juyawa har ya yi zafi ko'ina yana tururi. Idan ka bar shi yana ɓararraka a wuta mai ƙarfi, madarar kwakwar za ta tsinke, mai ya koma gefe guda, dankalin kuma ya narke a ƙasan tukunya.