Fitilun Unguwa a Gombe: Na Sola ko na Wutar Nepa?

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin samar da fitilun titi da kula da su, don haka ƙaramar hukumar da ke son haskaka lungunan Pantami ko Jekadafari tana da zaɓi biyu.

Fitilar da ke jan wuta daga layin kamfanin JED, wanda ke raba lantarki a Gombe da Bauchi, ba ta da tsadar kafawa inda turaku suka riga suka isa, amma da zarar an ɗauke wuta sai unguwa ta koma duhu, ga kuma kuɗin wata.

Ta sola kuwa, tsadarta a farko take, sai dai kowace sanda da farantinta da batirinta, ba ruwanta da lalacewar taransifoma. Rauninta shi ne ƙurar hunturu da ke lulluɓe farantin har caji ya ragu, da zafin bazara da ke gajarta ran batiri, balle ɓarayin da ke kwance shi cikin dare. A ganina sola ta fi dacewa da lunguna, muddin an ware kuɗin gogewa da sauya batiri tun ranar ba da kwangila.